WAYOYI UKU A CIKIN BANGO: YADDA HAƊIN WUTAR GIDA YAKE KARE RAN ƊAN ADAM

Gabatarwa

Masuntan kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi sun san minjirya tun kafin a kafa turken wuta ko ɗaya a ƙasar nan. Wannan kifi mai sulɓin jiki yana iya fitar da lantarkin da ƙarfinsa ya kai bolt 350, wato ya ɗara na soket ɗin da ke bangon ɗaki, wanda bai wuce bolt 230 ba. Duk da haka, iyakar abin da minjirya kan yi wa masunci shi ne ta girgiza shi ya sake ta ba shiri, alhali kuwa wayar gida takan kashe ƙato nan take. Dalili shi ne, wutar minjirya tana zuwa ne cikin ɗan ƙiftawar ido ta wuce, kuma mafi yawanta cikin ruwa take bi, amma wutar gida ba ta yankewa, kuma takan ratsa jikin mutum ne a kan hanyarta ta zuwa ƙasa.

Wannan misali yana nuna cewa yawan bolt kaɗai ba ya bayyana haɗarin lantarki. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: yawan wutar da ta ratsa jiki, da hanyar da ta bi a cikin jikin, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana bi. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa ɗalibai da malamansu yadda lantarki ke yi wa jiki illa, sannan a nuna aikin kowace waya da kowace na'urar kariya da ke cikin gida, domin kowa ya san abin da take karewa da abin da ba ta karewa.

Ma'aunai uku da ya kamata a fara sani

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lantarki ita ce a kwatanta shi da ruwan da ke saukowa daga tankin da aka ɗora a bisa. Tsawon da tankin yake da shi daga ƙasa shi ne ke ba ruwan ƙarfin turi. A fannin lantarki ana auna wannan ƙarfin turi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta cikin bututu a kowace daƙiƙa kuwa shi ne kwatankwacin kwararar lantarki, wadda ake aunawa da amfiya. Idan aka raba amfiya ɗaya gida dubu, kowane kashi ana kiransa miliyamfiya. Na uku, siririn bututu ya fi tare ruwa bisa ga mai faɗi. Wannan tarewa ita ce turjiya, kuma ana auna ta da om.

Wani malami Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya bayyana dangantakar waɗannan abubuwa uku a shekarar 1827. Ƙa'idarsa ita ce: idan aka raba bolt da om, amsar da aka samu ita ce amfiya. Akwai kuma ma'auni na huɗu, wato wat, wanda ake rubutawa a jikin kayan aiki don nuna yawan wutar da suke ci. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat. Da waɗannan ƙa'idoji biyu kawai ɗalibi zai iya warware mafi yawan tambayoyin da suka shafi wutar gida.

Jikin mutum da lantarki

Jikin ɗan Adam ba baƙon lantarki ba ne. Tun a shekarar 1791 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Luigi Galvani, ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa lantarki na sa tsokar ƙafar mataccen kwaɗo ta motsa. Yanzu an tabbatar da cewa duk saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa zuwa gaɓoɓi, da lantarki ake aika shi. Kowace ƙwayar halitta ta jijiyar saƙo tana riƙe da ɗan bambancin lantarki tsakanin cikinta da wajenta, wanda bai wuce kashi 70 cikin dubu na bolt ɗaya ba. Shige da ficen sinadaran sodiyam da fotasiyam ta bangon ƙwayar shi ne ke haifar da saƙon.

Ita ma zuciya da lantarki take bugawa. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan ƙullin tsoka da ke fitar da saƙo sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya yayin da babban mutum yake hutawa. Wannan saƙo ne ke yaɗuwa cikin tsari, ya sa ɗakunan zuciya su matse ɗaya bayan ɗaya, jini ya fita zuwa huhu da sauran jiki. Saƙon ne kuma likitoci ke zanawa a takarda idan suna awon zuciya, da irin na'urar da Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera a farkon ƙarni na 20.

To, tun da jiki da ƙanƙanin lantarki yake gudanar da al'amuransa, wutar da ta shigo daga waje takan danne saƙonninsa ta rikita su. Bugu da ƙari, kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin babban mutum ruwa ne, ruwan kuma mai gishiri, wanda lantarki ke bi cikin sauƙi. Ga kimanin abin da bincike ya nuna game da irin wutar da ake amfani da ita a gidaje:

- Miliyamfiya 1: mutum zai ji ɗan tsikari a fata.
- Miliyamfiya 10 zuwa 20: tsoka ta ƙage, hannu ya kasa sakin abin da ya riƙe.
- Miliyamfiya 30 zuwa sama, idan ta daɗe tana ratsa ƙirji: tsokar numfashi ta ƙage, mutum ya kasa shaƙar iska.
- Miliyamfiya 50 zuwa 100: zuciya na iya rikicewa, mutuwa ta biyo baya cikin 'yan mintoci.

Mutane kan ce wuta ta "kama" wane, ko ta "riƙe" shi. A haƙiƙa waya ba ta riƙe kowa. Tsokokin da ke naɗe yatsu sun fi waɗanda ke miƙe su ƙarfi, saboda haka idan wuta ta ƙage su baki ɗaya, sai hannu ya damƙe wayar ƙam, mutum yana so ya saki amma ba hali. Injiniya Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya shahara da auna wannan iyaka ta sakin hannu a jikin masu sa kai.

Rikicewar zuciya ita ce babbar musiba. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma idan ta ratsa zuciya, sai zaruruwan tsokarta su daina matsewa tare, kowane ya riƙa karkarwa shi kaɗai. Zuciyar tana motsi, amma ba ta tura jini. A shekarar 1899 wasu masana biyu a birnin Janiba, Prevost da Battelli, suka gano a jikin karnuka cewa ƙaramar wuta na jawo wannan karkarwa, kuma bugu ɗaya na babbar wuta na iya tsayar da ita. A kan wannan binciken ne aka gina na'urar farfaɗo da zuciya da ake gani a asibitoci.

Babbar garkuwar jiki ita ce fata. Busasshiyar fata mai kauri na iya yin turjiyar da ta kai om 100,000. Idan ta jiƙe da ruwa ko gumi, turjiyar jiki na iya faɗowa zuwa kimanin om 1,000. Ɗalibi ya gwada ƙa'idar Ohm a nan. Bolt 230 a raba da 100,000 zai ba da miliyamfiya 2.3, wato tsikari kawai. Bolt 230 a raba da 1,000 kuwa zai ba da miliyamfiya 230, wadda ta ninka abin da ke rikita zuciya. Waya ɗaya ce, mutum ɗaya ne, jiƙewar fata kawai ta raba rayuwa da mutuwa. Wannan ne ya sa banɗaki da madafa da lokacin damina da zufar bazara suka fi kowane wuri da lokaci haɗari.

Daga tasha zuwa bangon ɗaki

Ana samar da wutar Nijeriya daga tashoshin iskar gas da kuma madatsun ruwa irin su Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990. Ana ɗauko ta a kan manyan layuka masu bolt 330,000 da 132,000, sannan a riƙa rage ƙarfinta mataki-mataki zuwa 33,000 da 11,000. Taransifomar unguwa ita ce ke yin ragin ƙarshe. Wayoyi huɗu ne ke fita daga cikinta: uku masu wuta, da ɗaya ta komawa, wadda masu sana'ar ke kira nutural. Tsakanin kowace mai wuta da nutural akwai kimanin bolt 230, tsakanin masu wuta biyu kuwa kimanin bolt 400.

A nan akwai wani muhimmin abu da ya kamata a riƙe: a gindin taransifoma ana haɗa nutural da ƙasa ta hanyar ƙarfen da aka binne. Ma'anar wannan ita ce, ƙasar da ake takawa ta zama wata hanya ta komawar wuta zuwa taransifoma. Duk wanda ya taɓa waya mai wuta yana tsaye a ƙasa, to ya mai da jikinsa gada tsakanin wayar da ƙasa. Wannan ne kuma amsar tambayar da yara kan yi game da tsuntsun da ke sauka a kan wayar turke ba abin da ya same shi. Ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, bai taɓa ƙasa ko wata waya ba, don haka wuta ba ta da dalilin ratsa shi. Jemagen da fikafikansa suka haɗa wayoyi biyu kuwa, a nan zai bushe.

Aikin wayoyi uku

Idan aka buɗe filogi mai ƙafa uku, irin wanda Nijeriya ta gada daga Ingila, za a ga wayoyi uku masu launi daban-daban.

Ta farko ita ce mai wuta. A tsofaffin gidaje launinta ja ne, a sabon tsari kuwa ruwan ƙasa. Ita ce ke kawo wutar, kuma a kanta ne ya wajaba a sa makunni da fis. Idan mai haɗin wuta ya yi kuskure ya sa makunni a kan nutural, fitila za ta mutu idan an kashe, amma mariƙin ƙwan yana nan da wutarsa, yana jiran wanda zai zo canza ƙwai.

Ta biyu ita ce nutural, baƙa a tsohon tsari, shuɗiya a sabo. Ita ce hanyar komawar wuta bayan ta yi aikinta. Bai kamata a ɗauke ta a matsayin waya marar haɗari ba, domin idan ta tsinke a wani wuri, ko aka juya haɗin, takan ɗauki cikakken ƙarfin wuta.

Ta uku ita ce wayar ƙasa, koriya a tsohon tsari, kore da rawaya a sabo. Tana haɗa gangar jikin kayan ƙarfe, kamar firij da dutsen guga da injin tura ruwa, da sandar ƙarfen da aka kafa a cikin ƙasa. A kullum ba ta ɗaukar wuta ko kaɗan, shi ya sa wasu masu gini kan ga kamar asarar kuɗi ce, su bar ta. Ranar da rigar waya mai wuta ta goge a cikin firij ta taɓa gangar jikinsa, ranar ce amfaninta ke bayyana: wutar za ta bi ta cikinta ta tafi, maimakon ta jira hannun da zai buɗe ƙofar firij ɗin. An yi ƙafar wayar ƙasa ta fi sauran biyun tsawo domin ta riga su shiga soket, ta kuma zama ta ƙarshen fita, sannan ita ce ke buɗe 'yan ƙofofin da ke hana yara cusa ƙusa a cikin ramukan. Wanda ya tura tsinke ya buɗe su don ya cusa tsirarar waya, ya rushe wannan kariya da hannunsa.

Abin da fis ke karewa

Fis wata siririyar waya ce da aka shirya ta narke idan wutar da ke bin ta ta wuce ƙima. Bireka ma aikinta ke nan, sai dai ita faɗuwa take yi, a sake ɗaga ta bayan an gyara matsalar. Dalilin sa su shi ne, kowace waya tana ɗumama idan wuta na bin ta, kuma James Joule na Ingila ya nuna cewa idan aka ninka kwarara sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu. Saboda haka ne ake zaɓen kaurin waya gwargwadon nauyin da za ta ɗauka: mai lamba 1.5 don fitilu, mai lamba 2.5 don soket, mai lamba 4 ko 6 don murhun lantarki da makamantansa.

Ga wani lissafi. A ce an jona dutsen guga mai wat 1,000, da butar lantarki mai wat 2,000, da hitar dafa ruwa mai wat 1,500, duk a kan doguwar waya ɗaya mai soket da yawa. Jimla wat 4,500 ke nan. Idan aka raba da bolt 230 za a sami amfiya 19 da ɗoriya. Filogi mai ƙafa uku kuwa amfiya 13 ce iyakarsa, wato kimanin wat 3,000. Fis zai ƙone, kuma ƙonewarsa ita ce daidai. Amma idan aka cire shi aka naɗa zaren jan ƙarfe ko takardar alminiyam a gurbinsa, to wayar ce za ta zama fis, ta yi ta zafi a bayan kujera ko cikin silin har rigarta ta narke, gobara ta tashi. Ruwa ba ya tsami banza: duk fis ɗin da ya ƙone yana ba da labarin wata matsala ne, kuma matsalar ya kamata a nema.

Sai dai akwai wani abin lura. Amfiya 13 daidai take da miliyamfiya 13,000. An riga an ga cewa miliyamfiya 100 ta isa ta kashe mutum. Ke nan wuta na iya ratsa mutum har ya mutu, fis bai ko ɗumama ba. Fis da bireka an yi su ne don kare waya da gida daga gobara.

Ita ma wayar ƙasa tana da iyakarta. A ce turjiyar sandar da aka kafa a ƙasa om 50 ce, abin da kan iya faruwa a busasshiyar ƙasa mai yashi, musamman da rani. Bolt 230 a raba da 50 zai ba da amfiya 4.6 kacal, wadda ba za ta ƙona fis mai amfiya 13 ba. Gangar jikin firij za ta ci gaba da zama da wuta. Wannan giɓi ne ya sa aka ƙirƙiro na'urar gano yoyon wuta, wadda masu sayar da kayan lantarki suka sani da harufan RCD ko ELCB. Aikinta shi ne ta riƙa gwada wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta komo ta nutural. Idan sun yi daidai, lafiya lau. Idan wadda ta komo ta gaza da miliyamfiya 30, to wani kashi ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke wutar kafin cikar daƙiƙa ɗaya. Tana da wani maɓallin gwaji a jikinta, wanda ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci don a tabbatar tana aiki. Cikakkiyar kariya ita ce a haɗa ukun: bireka, da wayar ƙasa, da wannan na'ura.

Wasu tambayoyi da amsoshinsu

*Me ya sa firij ko famfo ke ɗan jan mutum?* Alama ce ta cewa wuta na yoyo zuwa gangar jikin ƙarfe, kuma wayar ƙasa ta tsinke ko babu ita. Sa takalmin roba ba magani ba ne, domin gobe yaro ne zai taɓa da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi. A cire filogin, a kira ƙwararre.

*Me ya sa soket ke yin zafi ko baƙi?* Mafi yawa saboda kwancewar noti ne. Haɗin da bai ɗauru ba yana da turjiya mai yawa, kuma inda turjiya ta taru a nan zafi ke taruwa. Bireka ba za ta faɗi ba, domin kwarara ba ta ƙaru ba. Warin ƙonewar roba ko ƙarar tartsatsi a cikin bango gargaɗi ne da ba a jinkirta shi.

*Me ya sa wani lokaci fitilu ke yin haske fiye da kima, kaya su ƙone a unguwa baki ɗaya?* Sau da yawa nutural ce ta tsinke a turke ko a taransifoma. Idan haka ta faru, wasu gidaje sai ƙarfin wutarsu ya faɗi, wasu kuma ya hau ya doshi bolt 400. Da an ga wannan alama, a kashe babban makunnin gida, a sanar da ma'aikatan wuta.

*Shin ƙarancin ƙarfin wuta na lalata kaya?* Ƙwan fitila dishi-dishi kawai zai yi. Amma injin firij da na tura ruwa kan kasa tashi, su tsaya suna jan wuta mai yawa har naɗin wayarsu ya ƙone. Gara a kashe su har wutar ta daidaita.

*Me ya sa kayan da aka kawo daga Amurka ke ƙonewa da an jona su?* Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce. Sai a duba rubutun da ke jikin kayan. Idan an rubuta 100 zuwa 240, ba matsala. Idan 110 ko 120 kawai aka rubuta, sai an sa ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfi.

*Mene ne laifin jona janareta kai tsaye a soket?* Idan ba a raba gidan da layin gari ba, wutar janaretan za ta fita ta bi turke. Taransifoma kuwa tana aiki gaba da baya: wadda ke mai da bolt 11,000 zuwa 230 tana iya mai da 230 zuwa 11,000. Ma'aikacin da ya hau turke da tabbacin an kashe layi zai iya rasa ransa ta dalilin wani gida da bai ma san da shi ba. Dole a sa makunnin sauya layi, wanda ba ya barin wutar gari da ta janareta su haɗu. Haka kuma ba a tayar da janareta a cikin ɗaki ko zaure ko kusa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin fiye da yadda oksijin ɗin ke mannewa sau 200 da wani abu. Masu barci sukan wuce ba tare da sun farka ba.

Taimakon gaggawa

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, domin mai ceto zai zama na biyu. Abu na farko shi ne a kashe babban makunni ko a zare filogi. Idan hakan ba zai yiwu ba, mai ceto ya tsaya a kan busasshen katako, ya ture wayar ko mutumin da busasshiyar sanda. Wannan ya shafi wutar gida ne kawai. Idan babbar wayar turke ce ta faɗo, kada kowa ya matso ko da da sanda, domin ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta. A nisanta mutane, a kira ma'aikatan wuta.

Bayan an raba shi da wutar, a duba ko yana numfashi. Idan ba ya yi, a tura wani neman mota ko likita, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Wanda ya sami horo zai riƙa hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da jini ba, don haka tsayawa kururuwa ko yayyafa ruwa ɓata lokaci ne. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, domin zai iya shiga huhunsa. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, saboda ƙunar lantarki takan yi zurfi a ciki fiye da abin da ake gani a fata, kuma bugun zuciya na buƙatar awo.

Aiki a aji

Malami zai iya tabbatar wa ɗalibai da darasin fata ba tare da haɗari ba. A samo ƙaramar mitar awon lantarki mai aiki da batir, a juya ta zuwa ma'aunin om. Ɗalibi ya riƙe bakin wayoyinta biyu, ɗaya a kowane hannu, a rubuta lambar da ta nuna. Sai ya jiƙa yatsunsa da ruwan gishiri a sake aunawa. A kwatanta sakamakon ɗalibai goma a kan allo. Bayan haka a kawo filogin da ba a jone yake ba, a kwance shi, ɗalibai su nuna wayoyi ukun da fis, su karanta lambar da ke jikinsa. Ba a yin wani gwaji da wutar soket a aji ko a gida.

Tambayoyin bita

1. Murhun lantarki mai wat 2,300 amfiya nawa yake ja a kan bolt 230?
2. Idan turjiyar jikin mutum om 2,000 ce, miliyamfiya nawa za ta ratsa shi idan ya taɓa waya mai wuta? Me zai iya faruwa da shi?
3. Me ya sa ake sa makunni a kan waya mai wuta?
4. A bayyana bambancin aikin fis da na na'urar gano yoyon wuta.
5. Me ya sa wutar da ta bi daga hannu zuwa hannu ta fi wadda ta bi tsakanin yatsu biyu na hannu ɗaya haɗari?

Kammalawa

An ga cewa wutar da ba ta kai ta kunna ƙwan fitila mai wat 60 ba ta isa ta tsayar da zuciya, kuma jiƙewar fata na iya ninka haɗarin sau ɗari. An kuma ga cewa kowace kariya da aikinta: bireka na hana gobara, wayar ƙasa na kawar da wutar da ta ɓace hanya, na'urar gano yoyo kuwa ita ce ke yanke wuta kafin zuciya ta rikice. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya komawa gida ya duba ko akwai soket da ya yi baƙi, ko fis da aka naɗe da waya, ko janaretan da ke kusa da taga, ya kuma nuna wa magabatansa cikin ladabi. Gyaran kansa kuwa aikin ƙwararren mai haɗin wuta ne, wanda zai kashe layi, ya gwada ya tabbatar babu wuta, kafin ya sa hannu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin waya ta uku da na'urar gano yoyo bai kai kuɗin firij ɗin da ake son a jona ba.